Jaririyar Vera, Sau Biyu

Ranar Laraba da hantsi, saura kwana biyu a saki sabuwar sigar Majanyi, Febi ta buɗe rahoton da ya iso daga asibitin ƙauyen Jigwada, inda ake gwada ta, ta ga sunaye ashirin da uku sun ragu daga rajistar yara.

Tana zaune a tabarma a barandar gidansu na unguwar Liman Abaji, laftof a kan kujerar roba a gabanta, 'yarta Lea mai wata bakwai tana shan mama tana jan wuyan rigarta. Raguwar ba abin mamaki ba ce, ita ma ake jira. Duk da haka Febi ta daɗe tana kallon lambar.

Majanyi manhaja ce da ƙananan asibitoci goma sha ɗaya suke rubuta allurar riga-kafin yara a cikinta. Kowace Litinin tana fitar wa nas jerin yaran da lokacin allurarsu ya wuce, don a kira iyayensu a waya. Ba ta wani kamfani ba ce. A buɗe take, kowa na iya ganin yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya aiko da gyaransa, masu aikinta kuma duk 'yan sa kai ne, kowa da sana'arsa. Duk wata huɗu sukan saki sabuwar siga, kowane zagaye a ba mutum ɗaya jagoranci. Ana saura mako biyu jagora zai rufe ƙofa, ba a ƙara karɓar sabon abu, sai a sa sigar gwaji a asibiti ɗaya a ga kamun ludayinta. Ranar Juma'a jagora ya sa hannu. Da ya sa, kwamfutocin hannu na asibitocin nan duka za su ɗauko sabuwar da kansu da zarar sun samu netwok. In kuwa bai sa ba, babu mai sa masa. Wannan zagayen Febi aka ba, karonta na farko ke nan, bayan shekara uku tana ƙananan gyare-gyaren da kowa ke gudu.

Babban abin da ke cikin sigar aikin Kayode ne, mai shagon gyaran waya a Tudun Ƙofa, haifaffen Keffi wanda Hausarsa ta fi ta Febi gudu. Nas-nas sun daɗe suna kuka da maimaici: uwa ta ɓatar da kati, ta dawo, a sake yi wa yaro rajista, sai ga yaro ɗaya ya zama biyu, ana ta kiran gida a kan allurar da aka riga aka yi. Wata uku Kayode ya yi a kai, tsakanin wannan kwastoma da wancan. Dabararsa mai sauƙi ce. In suna ɗaya ne, ranar haihuwa ɗaya, uwa ɗaya, lambar waya ɗaya, to yaro ɗaya ne. A riƙe rubutun da ya fi yawan allurai, a goge ɗayan. Febi da kanta ta duba aikin ta amince. Gwaje-gwajen da na'ura ke yi duk sun nuna kore, alamar ba matsala.

Ba wanda ya ce ta bi ashirin da ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Ta bi ne don Lea ba ta gama sha ba, hannu ɗaya kawai take da shi, ba wani aikin da za ta iya. Rahoton ba ya nuna komai sai suna, lambar waya da lokacin da aka yi kowace rajista. Na farko, wata biyu tsakani. Na biyu, mako biyar. Haka suka yi ta tafiya har ta zo layi na goma sha bakwai: Jaririyar Vera, Jaririyar Vera. Rana ɗaya, ƙarfe goma da minti shida, da ƙarfe goma da minti goma.

Ta cire Lea daga nono ba ta ma sani ba, sai da yarinyar ta yi ƙara.

Allurar farko a kwanakin haihuwa ake yin ta, tun kafin ranar suna. Yaro bai da suna tukuna, don haka nas sai ta rubuta shi da sunan uwarsa, kuma sau da yawa haka zai zauna a rajista har ya yi wayo. Katin Lea kansa Jaririyar Febi aka rubuta a kai, daga baya aka soke da biro. To in mace ta haifi biyu, duka mata? Suna ɗaya, rana ɗaya, uwa ɗaya, waya ɗaya. Minti huɗu kuwa daidai lokacin da nas ke ɗauka ta gama rubuta yaro guda ta shiga na gaba. In haka ne, akwai yarinyar da manhajar ta goge, kuma wadda aka goge ita ce wadda allurarta ba ta cika ba. Ba za ta taɓa fitowa a jerin Litinin ba. Jibi in Febi ta sa hannu, abin da ya faru a asibiti ɗaya zai faru a goma sha ɗaya, kuma abin da aka goge ba ya dawowa.

Ƙarfe ɗaya suka haɗu a waya su uku, ita da Kayode da Godfrey. Godfrey shi ya fara Majanyi shekara shida da suka wuce, a Abuja yake aiki, kowa Oga yake ce masa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tuna mata cewa ranar Litinin nas talatin za su taru a Keffi a koya musu sabuwar sigar, an kama zaure, an buga takardun horo da hotunan sabon allo, wasu ma da ƙyar aka ba su izinin barin aiki.

Kayode dariya ya fara yi. "Shugaba, tun da aka ba ki kujerar nan kin fara ganin 'yan biyu a mafarki ke nan?"

Ba ta yi dariyar ba, shi ma sai ya bari. Ya bayyana mata cewa kwamfutar Jigwada tsohuwa ce, takan daskare. Nas ta danna ajiye, ba ta ga komai ba, ta sake rubutawa daga farko. Minti huɗu ke nan. Ya ce ya ga irinsa ya fi a ƙirga, ai saboda irinsa ma ya yi aikin. Febi ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi damunta ke nan.

"Maman Lea, layi ɗaya ne fa, kuma zato ne," in ji Godfrey. "Mu saki Juma'a. In ta tabbata, mako mai zuwa mu bi da gyara."

"Oga, gyara zai hana a goge na gaba. Waɗanda aka goge tsakanin Juma'a da gyaran fa, wa zai dawo da su?"

Ta ji ana buga hon a wajen Kayode, wani yana tambayarsa ko an gama cajin wayarsa. Ta ce su ba ta zuwa gobe ƙarfe huɗu. In ba ta zo da hujja ba, za ta sa hannu. Da ta kashe wayar ta ji haushin kanta da ta faɗi rabin ƙarshen nan, amma ta riga ta faɗa.

Ta kira lambar da ke layi na goma sha bakwai sau biyar kafin magariba. A kashe.

Da ta ce gobe za ta je Jigwada da kanta, mijinta Natan, malamin firamare, ya ce an yi ruwa kwana biyu a jere, hanyar ƙauyen ba ta goyo ba ce, ta bar Lea wajen mamarsa. Ta ce yarinyar da ko kunu ba ta karɓa a hannun wani, ta bar ta yini guda? Da safe ta tarar ya cika mata gorar ruwa ya sa lema a jakarta. Ta goya Lea, ta ƙara majanyi na biyu ta ɗaure tam, ta hau keke napep har inda ya iya kaiwa. Masu acaba suka yi ta kiranta, ta duba taɓon ta duba tayoyinsu, ta ƙarasa da ƙafa.

Asibitin ɗaki uku ne, ranar Alhamis kuma ba kowa sai Sista Lovelyn, nas ɗin da ta yarda a yi gwajin a wajenta. Ta karɓi Lea tana mata wasa, Febi kuma ta tambaya a ba ta kwafin ajiya na kafin a sa sigar gwaji. Lovelyn ta ɗan sunkuyar da kai. Ta ce ranar da ta zo sa wa, kwamfutar ta ce wuri ya cika, ga mata a layi, sai ta danna tsallake. Maɓallin tsallaken nan Febi ce ta amince a sa shi a bara, don nas-nas sun ce ajiyar tana ɓata musu lokaci.

Rajistar takarda fa? An daina cika ta tun watan Maris, tunda manhaja tana yi. Lovelyn kuma mako bakwai ke nan da aka kawo ta nan daga cikin gari, kullum zuwa take ta koma. Wadda ta yi wa jaririyar rajista an mayar da ita wani wuri, an kira ta ba ta ɗauka ba. Amma ta buɗe rubutun da ya rage a kwamfutar ta nuna wa Febi: allurar mako shida, an yi, mako uku da suka wuce, da hannunta.

"Na tuna ta, Maman Lea. Wata 'yar ɓul-ɓul, da hula ja. Ita kaɗai aka kawo."

"Kin tabbata, Sista?"

"Mata sittin na gani ranar, amma da biyu ne ai da na tuna. Wa ke manta tagwaye?"

Febi ta zauna a benci ta ba Lea nono. Ƙarfe ɗaya saura. Duk abin da ta samu ya goyi bayan Kayode. Ta ga kanta gobe tana sa hannu, kowa yana turo mata barka a guruf, ta ga kuma yadda za a riƙa tuna ta in ta ƙi: wadda ta tsayar da aikin mutum na wata uku, ta kunyata Oga gaban nas talatin, a kan kwamfutar da ta daskare. Ba wanda zai zage ta. Kawai ba za a sake ba ta jagoranci ba, Kayode kuma ƙila ya tattara nasa ya bar su. Ta miƙe da niyyar kama hanyar gida. Sai ta tambayi Lovelyn ko akwai adireshi a rubutun. Akwai: bayan coci, kusa da injin niƙa.

Tafiyar ta fi yadda ta zata. Rana ta fito bayan ruwa, zafi ya taso daga ƙasa, ta buɗe lema a kan Lea tana taka gefen kunyoyin doya don guje wa taɓo. A wajen injin ta tarar da wata dattijuwa tana jiran a niƙa mata masara. Ta gaishe ta, ta tambayi gidan Vera, mai jego. Matar ta ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Wace Vera? Maman 'yan biyu?"

Febi ta ce e, ita.

A tsakar gidan ta same su. Vera, yarinya ce da ba ta kai Febi shekaru ba, tana tsince gyaɗa da jaririya a baya, mai kumatu. A inuwar rumbu kuma surukarta na zaune da wata a cinya, siririya, idanunta sun fi fuskar girma. Bayan gaisuwa Febi ta faɗi ko ita wace ce iyakar yadda za a gane: tana cikin masu kula da na'urar da Sista ke rubuta yara a ciki. Vera ta shiga ɗaki ta fito da katuna biyu a leda. Na farko allurar mako shida an cika. Na biyu wurin fari fat.

Da Hausarta mai ɗan nauyi Vera ta ba da labari. Ƙaramar tun haihuwa ba ta da ƙarfi, ta yi ciwon shawara, ranar allura kuma ta kwana da zazzaɓi. Shi ya sa ta zauna da ita a gida, ƙanwar mijinta ta kai babbar. Wayar ta maigidan ce, ta faɗa ruwa shekaranjiya, amma kafin nan lafiyarta ƙalau.

"Sun ce in lokaci ya wuce za su kira, Anti. Ba su kira ba, sai na ce ƙila ana jira ta ƙara ƙwari ne." Ta kalli fuskar Febi. "Wani abu zai same ta?"

Febi ba ta so ta faɗi abin da ba ta sani ba. Ta kira Lovelyn ta miƙa wa Vera wayar. Ta ji muryar nas ɗin tana tambayar ko zazzaɓin ya tafi, tana cewa a kawo ta ranar Talata da sassafe, ita za ta fara gani, ba a makara ba. Da aka mayar wa Febi wayar, Lovelyn ta ce, "Jerin Litinin biyu na fitar, Maman Lea. Ba ta ciki."

Febi ta roƙi izinin ɗaukar hoton katunan. Shafin aikinsu a buɗe yake, duk duniya na iya gani, don haka ta yagi takarda daga jakarta ta rufe sunan uwa da lambar waya da sunan ƙauye, ta nuna wa Vera hoton kafin ta adana. Surukar ta ce ba za ta fita ba ta sha ruwa ba. Ta sha a tsaye. Ƙarfe uku da kwata.

Netwok ɗin ƙauyen ya ishi kira amma bai ishi hoto ba. Ta yi ta tafiya da wayar a hannu, layin turawa ya cika rabi ya tsaya, ya koma farko. Lea ta farka ta fara kuka. Sai da ta kai inda ta sauka daga keke da safe hoton ya tafi, huɗu saura minti bakwai. Ta zauna a kan wani kututture a bakin hanya ta kira su.

Godfrey ya ja numfashi ya ce to, an gani, Allah ya kiyaye. Sannan ya kawo shawara: a sa wani ɗan maɓalli da zai kashe aikin haɗewar, a saki sauran gobe kamar yadda aka tsara. Aikin awa biyu ne. Febi ta ce gyare-gyare uku na wasu mutane a kan aikin Kayode aka ɗora su, kuma maɓallin sabon abu ne bayan an rufe ƙofa. Ƙa'ida ta ce duk abin da ya shiga bayan rufe ƙofa sai an sake kwana bakwai ana gwaji. Ba ta ce masa shi ya rubuta ƙa'idar ba, ya sani.

"Nas talatin, Febi. Da takardun da ba su dace da abin da ke hannunsu ba. Wa zai tsaya gabansu ya yi bayani?"

"Ni zan tsaya, Oga. Gobe dai ba zan sa hannu ba."

"Ke ce jagora," ya ce, ya kashe. Da ta duba allon ta ga Kayode ya riga ya fita tun ɗazu, ba ta san lokacin ba.

A cikin keke ta rubuta sanarwar da babban yatsa ɗaya, ɗayan hannun yana tare kan Lea daga gargada. Ta ce an ɗaga sakin da aƙalla mako guda. Ta faɗi dalili ba ƙari ba ragi, ta sa hoton. Ta rubuta cewa ita ta duba aikin haɗewar ta amince da shi, ita kuma ta amince da tsallake ajiya, don haka kuskuren ta hannunta ya wuce sau biyu. Sunan Kayode bai fito ba. Ta tura. Har ta isa gida mutum biyu ne kawai suka amsa, ɗaya yana tambaya ko ba za a iya yin maɓallin ba. Ta tura wa Kayode saƙo shi kaɗai. Ya karanta, bai amsa ba.

Juma'a da safe tana shanya kayan Lea a igiya aka buga ƙofa. Kayode ne, da jakar laftof a kafaɗa, idanunsa sun yi ja. Ya ce ya rufe shago yau. Ya ce mahaifiyarsa ma 'yar tagwaye ce, ya girma a gidansu yana jin ana kiran ta 'yar biyu, amma wata uku yana rubuta abin nan ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba. Febi ta ce ita da ta haihu bara ma bai zo mata ba. Ta shimfiɗa masa tabarma ta jawo kujerar roba.

Ya riga ya cire aikin nasa, ya raba shi da sauran gyare-gyaren uku, yana jiran ta duba. Amma ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Ya juya mata allon. Ya sake bin ashirin da biyun da suka rage, ya ware duk waɗanda aka yi musu rajista rana ɗaya. Bayan na Vera akwai uku.

"Ƙila kwamfutar ce ta daskare, Shugaba," ya ce. "Ƙila."

Febi ta goge hannunta a zani, ta miƙa masa Lea ya riƙe, ta ɗauki waya ta kira Lovelyn. Ta ce mata ta samo biro da takarda, akwai gidaje uku da za a nema kafin Talata. Sannan ta fara karanto mata lambar farko a hankali, tana jira ta maimaita.